Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba: Tambihi Bisa Sha'anin Madafa

Zuwa ga malamanmu da almajiransu na Ƙauyen Alu da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Unguwa Uku, da dukan wanda takardar nan ta iske. 

Bayan haka, ku sani, ya 'yan'uwa, maganar da na ɗauko yau maganar madafa ce, wadda mutanen zamani ke kira kicin. Na san wani zai karanta nan ya yamutsa fuska, ya ce ina ruwan malami da tukunya da muciya, ai wannan sha'anin mata ne. Ni kuwa na ce da shi, kowace loma da ya kai bakinsa tun yana jan gindi har ya yi furfura, daga ɗakin nan ta fito. Mun gyara zaure domin baƙi, mun shimfiɗa buzu, mun jera littattafai bisa kanta, amma ɗakin da lafiyar gida duka ta rataya gare shi, da yawanmu sai mu shekara ba mu leƙa shi ba. Domin haka na raba maganar fasali-fasali, ku karanta, ku kuma karanta wa na cikin gida.

Fasali na farko: yadda kaya suka yi yawa, wuri ya yi kaɗan

Sunan unguwar nan kaɗai ya isa shaida cewa dā ƙauye ce. Yau birni ya haɗiye ta, ta zama ɗaya daga mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Tarauni, wadda aka ƙidaya mutum 221,367 a cikinta a shekarar 2006, balle yanzu. A gidan ƙauye tsakar gida na da faɗi. Rumbu na can gefe bisa duwatsu, murhu na sarari inda hayaƙi ke tashi sama, ƙwarya na rataye cikin ragaya, randa na ƙarƙashin inuwa da faifai a bakinta. Kowane abu da wurinsa. Da fili ya yi tsada, aka shiga gidan haya, sai aka tattara rumbu da murhu da randa aka cusa su cikin wani ɗan lungu wanda magini ya rage bayan ya gama fitar da ɗakuna, sau da yawa ma bango ɗaya da banɗaki.

Wuri ya ragu, kaya kuwa ƙaruwa suka yi. Kakanninmu da ƙwarya da akushi da ludayi aka kai su ɗaki. Aka zo zamanin tasa da kwano da langa da samira. Yanzu kuma ga tangaran da kula da roba iri-iri. Kowane zamani ya kawo nasa ya ɗora, ba wanda ya ɗauke na baya. A kan wannan sai a ƙara robobin da ake rabawa a biki da suna, da gwangwanayen madara da aka shanye, da kwalabe, da leda ƙulli-ƙulli, da risho da ya mutu tun bara waccan, da tukunya mai huda wadda kullum ake cewa za a kai wa mai gyara. In ka tambaya a ce maka wata rana za su yi amfani. Ranar ba ta zuwa, amma akwai mai amfani da su tun yau, shi ne ɓera da kyankyaso.

Fasali na biyu: ɓera

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɓera ba ya zama inda ba abinci, ba maɓoya. Tarin kaya a lungu shi ne gidansa, kwanon tuwo a buɗe shi ne kasuwarsa. Ɓarnarsa kuwa ba ta tsaya ga huda buhu ba. Akwai zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a shekarar 1969 a garin Lassa ta ƙasar Barno. Wani irin ɓera mai nonuwa da yawa ke ɗauke da shi, shi bai yi ciwo ba, amma fitsarinsa da kashinsa in sun taɓa abinci ko kwano sai mutum ya ɗauka. Ciwon kan ɓoye har kwana 21 kafin ya bayyana, ya kan fara kamar zazzaɓin cizon sauro, ya fi yawa da rani, wanda ya warke ma wani lokaci ya kan kurumce. Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. A watan Janairu na 2020 ciwon nan ya shigo Kano, har ya ɗauke likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ke nan kan hanyar Zariya, kusa da mu ƙwarai.

Ku malamai kun riga likita sanin wannan babi. Duk wanda ya karanta Risala ya wuce ta kan hukuncin man da ɓera ya mutu a ciki: in narkakke ne a zubar da shi duka ba a ci, in daskararre ne a cire ɓeran da abin da ke kewaye da shi. Haka kuma umarnin rufe kwanuka da ɗaure bakin salka da kashe fitila kafin barci ya tabbata a cikin Buhari da Muslim, har aka ambaci ɓera da kansa, cewa ya kan ja lagwani ya ƙone gida. To, ina amfanin mu biya wa yaro wannan a zaure, alhali taku goma daga inda muke zaune galan ɗin man gyaɗa na kwana ba murfi?

Fasali na uku: guba da farar hoda

Wannan shi ne fasalin da ya fi tsorata ni. A madafa da yawa za ka iske gishiri da sukari da kanwa da ɗan tsami da garin wanki da maganin ɓera duk wuri guda, kowanne cikin gwangwani ko ƙullin leda, ba suna, ba alama. Uwar gida ta san su da ido. Amma ran da ta kwanta ciwo, ko ta tafi unguwa aka bar yarinya da girki, wa ya san su?

Ku tuna abin da ya faru a nan Kano cikin watannin Maris da Afrilu na 2021. Mutane suka sha abin sha da aka haɗa da hodar da aka sayar musu da sunan ɗan tsami, da garin lemo wanda wa'adinsa ya wuce. Hukumar lafiya ta jiha ta ce mutum 10 sun rasu, wajen 400 sun kwanta asibiti, waɗansu ƙoda ta taɓu. Wannan daga kasuwa ya fito, gaskiya ne, amma darasinsa na cikin gida ne: hodar da ba ka san sunanta da asalinta da kwanan watanta ba, kada ta kwana a madafarka.

Haka maganin ƙwari irin su Sniper da fiya-fiya. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna, saboda rayukan da aka rasa. Wanda ya zama tilas ya ajiye irin wannan, to, a kulle shi can nesa da abinci. Kananzir kuma kada a zuba shi cikin kwalbar lemo ko gorar ruwa, gama yaro mai ƙishirwa ba ya shinshinawa. In ƙaddara ta faɗa yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara kamar yadda aka saba, domin ta haka kananzir ke shiga huhu. A ɗauke shi a kai asibiti nan da nan.

Fasali na huɗu: tsaba da kayan miya

Mai hali ya kan sayo buhun gero ko masara ko wake da kaka, daga Dawanau ko kasuwar Tarauni, kafin su yi tsada. Wannan dabara ce mai kyau in an san ajiya. Buhu ba ya zama a ƙasa, ba ya jingina da bango. A ɗora shi bisa katako ko bulo, a bar rata tsakaninsa da bango yadda tsintsiya za ta wuce. Abin da aka fara sayowa shi za a fara ci, kada a zuba sabo bisa tsohon da ya rage a gindin mazubi.

Laima ita ce babbar abokiyar gaba. Masara da gyaɗa in sun ji laima su kan yi fumfuna, fumfunar nan kuwa tana fitar da wata guba da masana ke kira afalatoksin, mai lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashe ta. An gano ta ne bayan da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila a shekarar 1960 saboda ƙulin gyaɗa da aka ba su. A ƙasar Kenya, a 2004, mutum 125 suka mutu daga cin masara mai ita. Saboda haka tsabar da ta canza launi, ko ta yi ɗaci, ko tana warin ruma, ba a wanke ta a ci, ba a kuma bai wa almajiri ita da sunan sadaka.

Wake kuwa, kada a barbaɗa masa maganin ƙwari. Wannan ɗabi'a ce ta sa ƙasashen Turai suka rufe ƙofa ga busasshen waken Nijeriya a shekarar 2015. Abin da Bature ya ƙi ci don tsoron ransa, don me za mu ba 'ya'yanmu? Akwai hanya ba da guba ba. Ƙwaro numfashi yake yi kamar kowa, in an toshe masa iska sai ya mutu. A shanya wake ya bushe sarai, a cika jarka mai tsabta da shi har baki, a ɗaure murfi tamau. Ko a nemi buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masanan jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi, aka yaɗa shi a ƙasashenmu tun daga 2007. Amma jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko kananzir ko maganin gona, ta haramta ga abinci har abada, komai wanki.

Kuka da busasshiyar kuɓewa da barkono da daddawa, kowanne ya shiga mazubi mai murfi. Nan ga aikin almajiri: ya ɗauko alƙalami da tawada ya rubuta wa kowane mazubi sunan abin da ke ciki da watan da aka zuba, da ajami, manya-manya, ya manna. Hannun da ke rubuta allo ba zai kasa wannan ba, matan da suka yi makarantar allo kuwa duk za su karanta.

Fasali na biyar: wuta da ruwa

Ga hunturu na zuwa, lokacin da komai ke bushewa, gobara ta yi yawa. Kusa da murhu kada a bar leda, ko kwali, ko tsumma, ko jarkar fetur ta injin wuta. Mai girki da gas ya sani iskar gas ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, in ta tsiyaya ƙasa take kwanciya tana jiran ashana. Tukunyar gas ta tsaya a miƙe inda iska ke ratsawa. In ana shakkar tiyo, a shafa masa ruwan sabulu, wurin da ya yi kumfa nan ne huda. In an ji wari kuwa, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki. Mai gawayi kuma kada ya shiga da kurfoti ɗaki ya rufe don jin ɗumi, gama gawayi na fitar da wata iska marar launi marar wari wadda ke kashe mutum cikin barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin girki a cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a shekarar 2020, mata da yara ne kuwa suka fi zama cikinsa. Madafar da ba ta da taga, haƙƙi ne a kan mai gida ya kira magini ya fasa mata.

Ruwa kuma, mun san yawancinmu daga 'yan garuwa da rijiyar burtsatse muke samu. Randar sha dabam, ta wanke-wanke dabam. Ta sha ta kasance a rufe, da moɗa guda mai mariƙi wadda ba a sha da ita, ba a ajiye ta a ƙasa. Ku da kuka fara karatu da babin tsarki kun san ruwa da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa. Sai dai ku ƙara da wannan: ruwa na iya zama garau, ya halatta ga alwala, alhali yana ɗauke da ƙwayar amai da gudawa. A shekarar 2021 ciwon nan ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 3,000, Kano na cikin jihohin da ya fi tsananta. In ana shakka, a tafasa. Dafaffen abinci kuma kada ya wuce awa 2 a ajiye yana hucewa, firij kuwa ba abin dogara ba ne in wuta ta yini ba ta zo ba. Ɗumame sai ya yi zafi har cikinsa.

Fasali na shida: yadda za a yi aikin

A zaɓi rana guda. A fito da komai tsakar gida, komai da komai, har madafa ta zama wayam. A share, a wanke, a toshe kowane rami da siminti, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sa'an nan a kasa kaya kashi uku.

Kashi na farko, abin da hannu ke taɓawa kullum ko kowane mako. Shi ne zai koma ciki, a kafa masa kanta ko a buga ƙusa a rataye, ƙasa ta zama fili yadda za a share ta kowane dare ba sai an ɗaga komai ba. Wuƙa da ashana sama, inda yaro ba ya kaiwa. Turmi da manyan tukwane ƙasa, a kife.

Kashi na biyu, abin da ke da lafiya amma sai da salla ko biki ake nemansa. A wanke shi, a shanya, a sa a akwati ko buhu a ɗaure, a kai wani ɗaki. Abin da ya shekara biyu ba a nema ba kuwa, mai shi ta duba ko akwai wanda ya fi ta bukata. A unguwar nan akwai marainiyar da za a kai ɗaki ba kwano, akwai wadda gobara ta cinye wa kaya, akwai tsangayar da almajirai goma ke karɓa-karɓa da roba guda.

Kashi na uku, fasasshe da hudajje da mai tsatsa da wanda wa'adinsa ya wuce. Ƙarfe da dalma da roba a sayar wa 'yan gwangwan, kuɗin a sayi murafai. Saura a kai bola inda motar shara ke kwashewa, kada a zuba a kwata, domin ledar da ka jefa a kwata da rani ita ce za ta komo maka da ruwa har ɗaki da damina.

Fasali na bakwai: amsa ga masu ja

Wata za ta ce, kayan nan uwata ta tara mini su shekara da shekaru, su ne mutuncina ran biki, su ne kuma ajiyata, in ta ɓaci in ɗaga in sayar. Maganarta gaskiya ce, ban kuwa raina ta ba. Kayan ɗakin mace dukiyarta ce. Miji ba shi da ikon sayar da ko cokali, ko ya bayar, sai da yardarta. Duk wanda ya ɗauki takardar nan ya shiga gida yana faɗa yana watsi da kayan matarsa, ya saɓa abin da na faɗa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da nake roƙo shi ne a raba dukiya da tarkace. Kwanon da ake so ya yi daraja ran sayarwa, ai ba a barinsa cikin hayaƙi da laima yana tsatsa.

Wani kuma zai ce, wannan maganar masu kuɗi ce, mu da muke ɗaki guda a gidan haya, murhu a bakin ƙofa, me za mu tsara? Na ce kai ne ma ka fi bukata, gama mai babban gida yana da inda zai kai tarkace, kai kuwa da shi kake kwana. Ƙusa shida da katako guda da bokiti mai murfi ba su kai kuɗin kwana guda a gadon asibiti ba. Gidan haya kuma sai an haɗa kai, domin ɓeran ɗakin maƙwabci ba ya neman izini kafin ya shigo naka.

Laifi mafi girma a nan namu ne, mu maza. Mu ne muka gina madafa kamar akurki, mu ne muke kawo cefane mu ajiye a bakin ƙofa mu juya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albabi ya zargi malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuwa ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna koyar da mata. Ilmin da ke tsare rai yana cikin abin da ya wajaba a kai cikin gida, da lallashi da kyakkyawar magana, da kuɗin kanta da murfi a hannu.

Kammalawa

Ga abin da nake nema gare ku. Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda gwamnatin Kano ta keɓe domin tsabtar gari, kada ta ƙare ga sharar ƙofar gida kaɗai, a shiga da ita har madafa. Kowane malami ya ɗauki darasi guda cikin makon nan ya yi wa almajiransa bayanin fasalan nan. Kowane almajiri ya wanke robarsa da sabulu kafin ya karɓi abinci da bayan ya ci, ya kife ta a sama, ya kuma taimaki uwar ɗakinsa da ɗauka da rubutun mazubai. Limamai su ambata bayan salla, masu unguwa su ambata wa masu gidajen haya maganar taga da ramuka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wanda ya ga gyara cikin abin da na rubuta, ko yana da wata dabarar ajiya da ya gada, ya aiko mana, za mu buga domin kowa ya amfana. Allah ya tsare mu da gobara da annoba, ya sa albarka cikin abin da muke ci da sha, ya saka wa iyayenmu mata da ke tsaye gaban wuta safe da yamma da mafificin alheri, amin.

Haza wassalam.